Darasin Kiwon Lafiya: Gigin Tsufa da Yadda Ake Riƙon Mai Shi

Darasin wannan wata ya shafi kusan kowane gida. Gidan da babu tsoho a cikinsa yau, gobe zai samu. Magana ce a kan gigin tsufa, wato ruɗewar da ke kama wasu tsofaffi har su manta abin da suka sani. Wasu na kiransa rikicin tsufa. Ana so malamin aji ya karanta darasin tare da ɗalibai a hankali, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. Da wuya a rasa wanda ya taɓa ganin irin wannan hali a cikin aji.

Ga Misali

A ɗauki misalin wata tsohuwa a ƙauye. Kowa Iya yake kiranta. Ta haura shekara 75. A zamaninta ita ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwar. Ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa cutarta a lissafi ba. Yanzu tana zaune a gidan babban ɗanta. Matar ɗan ce ke yi mata abinci da wanki.

Abin ya fara a hankali. Iya ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone. Aka ce tsufa ne. Bayan 'yan watanni ta fara yin tambaya ɗaya sau goma kafin azahar: "Yau wace rana ce? Yau ba kasuwa ba ce?" Aka yi dariya. Daga nan ta fara ɓoye kuɗinta. Yau ta ƙulle a bakin zane, gobe ta tura ƙarƙashin tabarma, jibi ta jefa cikin tsohuwar ƙwarya. Idan ta nema ba ta gani ba, sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya: "Yarinyar nan ta sace mini kuɗi!"

Matar ɗan ta yi kuka. Ta ce wa mijinta, "Malam, shekarata goma sha biyar a gidan nan, ko allura ban taɓa ɗauka ba." Mijin ya rasa ta cewa. Nan uwa, nan mata. Sau biyu matar tana yin yaji a kan wannan magana.

Sannan Iya ta fara fita. Da la'asar sakaliya sai ta ɗauki mayafinta ta ce za ta tafi gida. Gidan da take nufi kuwa na iyayenta ne, wanda ya rushe tuntuni. Wata rana aka wayi gari ba ta a ɗaki. Masu dawowa daga sallar asuba ne suka tsince ta a bakin maƙabarta, babu ɗankwali, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. A makon nan kuwa jaririn maƙwabta ba shi da lafiya. Kafin hantsi magana ta zaga gari: Iya mayya ce. Yara suka bi ta da jifa. Aka tambaye ta, "Ke kika kama yaron?" Ta ce, "Ni ce." Da an tambaye ta ko ita ta haƙa rijiyar garin, da amsar da za ta bayar ke nan.

Jaririn zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsa. Iya kuwa ciwo ne a ƙwaƙwalwarta. Marasa lafiya biyu ke nan, kowanne da magani ko kulawar da yake buƙata. Jifa ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Dokar ƙasa ma ta hana a zargi mutum da maita, kuma wanda ya doki tsohuwa a kan haka laifi ya aikata.

Mene Ne Ke Faruwa a Cikin Kai?

Ƙwaƙwalwa ita ce rumbun mutum. A cikinta sunaye suke, da hanyoyi, da lissafi, da kunya, da sanin abin da ya dace. An gina ta da ƙananan ƙwayoyi masu yawan gaske waɗanda ido ba ya gani. A gigin tsufa waɗannan ƙwayoyi ne ke lalacewa kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara ke cin rumbu daga ciki. Daga waje rumbu na tsaye, amma hatsi na raguwa.

Abin da aka zuba daga baya shi ke fara tafiya. Shi ya sa Iya ba ta tuna ta ci tuwo ɗazu, amma tana iya ba da labarin ranar aurenta, har da irin zanen da ta ɗaura. Mutanen gida kan ce, "Ai da gangan take yi, ga shi tana tuna abin shekara sittin." Ba da gangan ba ne. Haka ciwon yake tafiya.

Mafi yawan masu gigin tsufa cutar da ake kira Alzaima ce ke damunsu. Sunan wani likita ne Bajamushe. A shekarar 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51 a asibitin birnin Farankfot. Tana mantuwa, tana ɓoye kaya a gida, tana zargin mijinta a kan abin da bai yi ba. Da ta rasu a 1906, likitan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga lalacewar da idonsa. A lura da kyau: Baturiya ce a ƙasar Jamus, amma halinta da na Iya kusan ɗaya ne.

Akwai kuma gigin da ke zuwa ta hanyar jijiyoyin jini. Idan hawan jini ya daɗe ba a kula da shi ba, ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sukan toshe ko su fashe. Sau da yawa irin wannan yakan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon ba na wata ƙabila ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 fiye da mutum miliyan 55 ne ke da shi a duniya, kuma fiye da rabinsu a ƙasashe masu tasowa suke. A nan Nijeriya, a 1992 likitoci suka fara wani dogon bincike. Sun riƙa duba tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a birnin Ibadan, suna kwatanta su da tsofaffi baƙar fata na birnin Indiyanafolis a Amurka. Sun sami ciwon a wuraren biyu, sai dai ya fi yawa a can Amurka.

Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Dattijo ya manta inda ya ajiye carbinsa, can anjima ya tuna, wannan ba komai ba ne. Amma idan ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, ko ya kasa gane kuɗin da ke hannunsa, ko ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa kuma ya tsaya a kan haka, to akwai magana. Tsofaffi da yawa sukan kai shekara 90 da hankalinsu garau. Saboda haka kuskure ne a ce kowane tsoho dole ya ruɗe.

Ruɗewar da Ke Zuwa Farat Ɗaya

Wannan wuri yana da muhimmanci ƙwarai, a karanta shi sau biyu. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho yana lafiya jiya, yau kuma ya wayi gari yana sambatu, bai gane mutane ba, ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, wannan wani abu ne dabam. Sau da yawa wani ciwo ne a jiki ya taɓa kai. Zazzaɓi yana kawo haka. Ciwon mafitsara yana kawowa, da ciwon huhu, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara ko bayan gudawa. Haka kuma hawa ko faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, da buguwar kai bayan faɗuwa, da shan magunguna barkatai.

Irin wannan ruɗewa tana iya warkewa idan an yi maganin abin da ya kawo ta. Idan an yi jinkiri kuwa, tana iya kisa. A kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya ana hayaƙi da turare har kwana uku a kan cewa iska ce ta taɓa shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana haɗa su ne.

Akwai kuma tsohon da ake ɗauka ya ruɗe, alhali kunnensa ne ba ya ji, ko yana ta rufe masa ido. An yi masa magana ya ba da amsar da ba ita ba, sai a ce kansa ya taɓu. Wani lokaci dattin kunne ne kawai, malamin asibiti ya wanke shi. Yanar ido kuwa ana cire ta da ƙaramin aiki, mutum ya koma gani.

Don haka matakin farko shi ne a kai tsoho ɗakin shan magani ko asibiti mafi kusa. A auna jininsa, a auna sukari, a duba ido da kunne. Wanda ke zaune da shi kullum shi ya kamata ya raka shi, don shi ya san yadda abin ya fara. A tafi da dukkan magungunan da yake sha a cikin leda, har da na gargajiya. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za su tura babba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Sai dai a san gaskiya tun da wuri. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzaima. Akwai waɗanda likita kan bayar su rage wasu alamu na ɗan lokaci. Duk mai tallar magani da lasifika a kasuwa da ya ce zai dawo wa tsoho da hankalinsa cikin kwana bakwai, kuɗin akuya yake nema. Kada kuma a je kemis a sayo maganin barci a riƙa ɗura wa tsoho don a huta. Yana ƙara ruɗewa, yana sa jiri, tsoho ya faɗi ya karya ƙugu. Da yawa daga kwanciyar karaya ba sa tashi.

Yadda Ake Magana da Shi

Ba a gardama da mai gigin tsufa. Wanda ya yi gardama da shi ya sha wahalar banza, domin bayan minti biyar tsohon ya manta abin da aka ce, amma ɓacin ran yana nan a zuciyarsa har dare.

A koma ga kuɗin Iya. Idan ta ce an sace, rantsuwa da kuka ba su da amfani. Matar ɗan tana iya cewa, "Iya, kuɗinki ne ba ki gani ba? Taso mu duba tare." Wuraren ɓuyan ba su da yawa, uku ne ko huɗu, kuma mai lura zai gane su cikin mako guda. A bar mata 'yan canji a hannu don hankalinta ya kwanta. Manyan kuɗi kuwa a ajiye wurin amintacce, da sanin sauran 'ya'ya. Babban aiki a nan na ɗanta ne. Shi zai tara dangi ya gaya musu a fili cewa ciwo ne ke magana, matarsa ba ɓarauniya ba ce. Idan ya yi shiru, ƙannensa mata da ke zuwa ganin gida sau ɗaya a wata za su tafi da maganar Iya a matsayin gaskiya. Aure da yawa ya mutu ta wannan hanya.

A zo masa ta gaba, kada a ɓullo ta baya. A faɗi suna: "Baba, ni ne ɗanka, na kawo maka koko." Magana ɗaya a lokaci ɗaya, gajera. Kada a riƙa yi masa jarrabawa a gaban baƙi ana cewa, "To Baba, wane ne wannan? Ka gane shi?" Idan ya kasa, kunya ce ke kama shi, kunyar kuma ta koma faɗa. A hana yara tsokanarsa. Wasan jika da kaka al'ada ce mai kyau, amma idan kaka ta daina gane wasa, ya zama zalunci.

Akwai tambaya mai wuya. Iya tana tambayar mijinta, wanda ya rasu shekara goma da suka wuce: "Malam bai dawo daga gona ba?" Idan aka ce mata ya rasu, sai ta fasa kuka kamar yau aka yi mutuwar. Gobe ta sake tambaya, a sake gaya mata, ta sake kuka. Wannan azaba ce marar amfani. Mutane da yawa kuma ba sa son yi wa iyaye ƙarya, kuma suna da gaskiya. Akwai hanya ta tsakiya. A ce, "Iya, kin tuna da Baba ke nan. Wace gona ya fi so?" Sai ta shiga labari, tambayar ta wuce.

Hannu ya fi baki daɗewa yana tuna aiki. Tsohuwar da ba ta san ranar mako ba tana iya ɓarar gyaɗa, ko tsintar wake, ko kaɗi. Tsoho yana iya tufkar igiya a zaure, mutane na wucewa suna gaishe shi. A ba su irin wannan aiki ko da bai yi kyau ba. Zaman banza a ɗaki mai duhu yana ƙara ciwon.

Fita da Haɗarin Gida

Da yawa daga masu wannan ciwo sun fi rikicewa da yamma, lokacin da rana ke faɗuwa. A lokacin ne suke neman "tafiya gida". Kulle tsoho a ɗaki ko ɗaure shi da igiya a turke ba daidai ba ne. Yana sa shi firgita, ya yi ta dukan ƙyaure, wani ya ji wa kansa ciwo. Abin da ya fi shi ne wani ya ce, "To Iya, mu je in raka ki." A zaga bayan gida, a gaisa da maƙwabta, a dawo. Sau da yawa ta manta da tafiyar.

Da dare a sa sakata a sama, inda hannunta ba ya zuwa. A rataya gwangwani da tsakuwa a jikin ƙyaure don a ji motsi. Wani ya riƙa kwana a ɗakin. A sanar da mai unguwa, da liman, da masu shago, da 'yan acaɓa, da mutanen tasha. Ɓoye ciwon don gudun abin kunya shi ke jawo zargin maita. Garin da ya san Iya ba ta da lafiya, hannunta zai kama ya kawo ta gida.

A nan karatun da aka koya a aji zai yi aiki. A rubuta sunan tsohon, da sunan garinsa da ƙaramar hukuma, da lambar wayar ɗansa a 'yar takarda. A naɗe ta a leda, a ɗinke a jikin rigarsa ko a sa a aljihu. Tsohon da ya hau motar kasuwa ya sauka a garin da ba a san shi ba, wannan takarda ce za ta yi magana a madadinsa.

A rufe rijiya da murfi mai nauyi. Kada a bar masa kaskon wuta a ɗaki da hunturu shi kaɗai, ko fitilar aci-balbal kusa da gidan sauro. Kananzir, da maganin ƙwari, da maganin ɓera, da takin zamani, duk a ɗauke su daga inda zai gani. Kananzir a gorar ruwa ya yi kama da ruwa, takin zamani fari kuma ya yi kama da gishiri ko sukari.

Akwai wani haɗari da ba na wuta ba. Wani ɗa ko dillali ya lallaɓa ya sa tsoho ya dangwala yatsa a takardar sayar da gona, tsohon bai san abin da ya yi ba. Da zarar an tabbatar da ciwon, 'ya'ya su zauna gaba ɗaya a gaban dagaci ko liman. A rubuta gonaki da dabbobi da bashi. A amince da wanda zai kula da su. Dukiyar ta tsohon ce muddin yana raye, kuma a kansa ya kamata a fara kashe ta.

Ci, Sha da Kwanciya

Mai gigin tsufa yakan manta ya ci, ko ya manta bai ci ba. Idan ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu ya gama, a ba shi ɗan abu kaɗan, kamar kunu ko ayaba. Ƙishirwa ma ba ya jin ta sosai, don haka a riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba. Idan haƙora sun zube, a ba shi mai laushi: fate, alale, ƙwai, fura da nono, tuwo da miya mai yawa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi. Ɗura wa mutum kunu yana kwance yana sa ya ƙware, abincin ya gangara huhu.

Idan ciwon ya yi nisa, fitsari da bayan gida sukan kuɓuce masa. Kada a yi masa faɗa. A riƙa kai shi bayan gida a kan lokaci, da safe, da bayan cin abinci, da kafin barci. A ajiye fo a ɗaki da dare. A rufa masa asiri wajen wanka, namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace in da hali. Wanda ya kwanta ba ya tashi, a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a kuma tabbatar shimfiɗarsa a bushe take. In ba haka ba gyambo zai fito a ƙugu da duga-dugai, kuma gyambon kwanciya yana da wuyar warkewa.

Mutanen gida kan damu idan tsoho ya yi salla ba alwala, ko ya yi azahar sau uku, ko ya sha ruwa da rana a watan azumi. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya bari. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan mataki na tsufa a Suratun Nahli, aya ta 70. Kada a tilasta masa azumi. Idan ya ga ana salla ya bi, a bar shi ya bi yadda ya iya. Sauran bayani a tambayi malamin gari.

Mai Jinya Ma Mutum Ce

A yawancin gidaje mace ɗaya ce ke ɗauke da wannan kaya: matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikar da aka cire daga makaranta. Ita ce ba ta barci. Ita ke wanke zannuwa. Ita ake zagi. Ciwon kuma ba na wata ɗaya ba ne, yana iya ɗaukar shekara biyar, ko takwas, ko fiye. Masu zuwa dubiya sukan ce, "Allah ya ba da lada," su tashi su tafi. Addu'ar tana da kyau, amma ba ta wanke zane.

A yi karɓa-karɓa. Wannan ta kwana da Iya yau, waccan gobe. 'Ya'ya maza su ɗauki nasu rabo, musamman idan mahaifi ne ke kwance. Wanda ke birni ko ya tafi cin rani ya aiko da kuɗin sabulu da magani a kan lokaci, ba sai an roƙa ba. Sai dai a guji yawo da tsohon daga gida zuwa gida kowane wata, domin sabon wuri yana ƙara ruɗa shi. Masu jinya ne za su riƙa zuwa inda yake. A bar mai jinya ta je suna da biki, ta je ganin gida, ta je ajinta na yaƙi da jahilci. Cire yarinya daga makaranta don ta yi jinya kuwa gyaran ɓarna ne da wata ɓarnar.

Idan mai jinya ta fara jin kamar ta doki tsohuwar, wannan alama ce ta gaji ƙwarai. Ta fita tsakar gida, ta kira wani ya karɓe ta. Ta faɗa wa mijinta ko wata babba. Wanda aka gaya wa kuma kada ya ce mata marar imani. Ya nemo mata hutu.

Rashi Sau Biyu

Mutanen gidan mai gigin tsufa sukan yi rashi tun yana raye. Ranar da uwa ta dubi ɗanta ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" ranar kuka ce, ko da babu gawa. Babu mai zuwa gaisuwa a kan wannan. Amma ko sunan ya tafi, tana jin muryar da ta saba da ita, tana jin hannun da ke shafa mata mai. Ɗan ya ci gaba da shiga yana gaishe ta kowace safiya.

Idan rasuwa ta zo, mai jinya takan ji abu biyu a haɗe: baƙin ciki, da kuma wani sauƙi a ƙirji. Sai ta riƙa zargin kanta a kan sauƙin. Wannan abu ne da ke samun masu doguwar jinya a ko'ina, ba alamar mugun hali ba ne.

Sai kuma tsohon da aka bari. Kwanakin zaman makoki gida cike yake. Bayan an watse, tsohuwa tana takaba ta wata huɗu da kwana goma, mutane sun koma gona da kasuwa. Dattijon da matarsa ta shekara hamsin ta rasu ba ya ma da takaba, kuma ana sa ran namiji ba zai yi kuka ba. A wannan lokaci ne ya kamata a yawaita leƙawa. A aika jika ya kwana a ɗakin. A ci abinci tare da shi. Idan yana son ambaton mamacin, a saurara, kada a yi ta katse shi da "a yi haƙuri".

Kewa tana raguwa da tafiyar watanni. Idan kuwa watanni sun wuce tsoho ba ya ci, ba ya barci, yana ramewa, ya daina zuwa masallaci da zaure, yana cewa gara ya bi ta, to a kai shi asibiti. Yana iya zama ciwon damuwa. Ciwon damuwa yana kawo mantuwa har a ɗauka gigin tsufa ne, amma shi yana da magani.

Tun Kafin Tsufa

A shekarar 2024 wani kwamitin manyan likitoci na duniya ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Sun ce da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan rabinsa. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, shan giya, buguwar kai, rashin ji da rashin gani da ba a yi wa magani ba, kaɗaici, da ƙarancin ilimi. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa awon jini. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina sha don ya ji sauƙi. A rage gishiri da ɗanɗano a miya. Mai hawa babur ya sa hular kwano.

Aikin Aji

Kowane ɗalibi ya ɗauko takarda ya rubuta wa wani tsoho na gidansu ko na unguwarsu irin takardar da aka ambata a sama. Layi na farko sunansa. Layi na biyu garinsa da ƙaramar hukuma. Layi na uku lambar wayar wanda za a kira. A ƙasa a rubuta: "Ba shi da lafiya, yana mantuwa. Don Allah a taimaka a kira wannan lamba." Malami ya duba lambobin ɗaya bayan ɗaya, domin lamba ɗaya idan ta kauce, wayar wani za ta shiga.